Goron da Sodangi Ya Jefa Kan Kwano

Duk wanda ya yi karatu ko koyarwa a firamaren nan ta wajen Gidan Dare a zamanin mulkin soja ya san wannan ƙara. Kana tsakiyar darasi, kana fama da yara a kan raba goma sha biyu gida uku, sai ka ji ƙwal a kan rufin sito. Yara ba sa ko ɗaga kai. Sun san Sodangi mai goro ne ya sake cin karo da abin da ba ya so a cikin kayansa, ya wurga shi ta bayan kafaɗa. Sunana Istifanus, na koyar da aji biyar a makarantar shekara tara, kuma tagar ajina tana kallon ƙofar shiga, saboda haka na san Sodangi fiye da yadda na san wasu dangina.

Mutumin Wamakko ne. Ubansa manomin gero ne, ya haifi maza shida, biyar suka riƙe fartanya, aka rasa gane kan na shidan. In an aike shi kasuwa sayen gishiri, sai a same shi tsugune gaban 'yan goro yana shinshina ganyen da suka zubar. Yana da shekara goma sha biyar ya bi wani falke a bayan motar kaya zuwa Kurmi, ƙasar goro a kudu, ya yi shekara bakwai a can yana ɗaukar huhun goro yana saukewa. Da ya dawo ko akwati bai zo da shi ba, sai hanci da ido. Ubansa ya dube shi ya ce wannan ɗa asara ne, shi kuwa ya shigo birni ya nemi gindin dogon yaron da ke ƙofar makarantarmu ya ajiye faifansa, tun makarantar tana aji uku.

Gajere ne siriri, haƙoransa jawur, rawaninsa ya fi ƙarfin wuyansa. Kayan aikinsa faifai ne da bokitin ruwa da jiƙaƙƙen buhu, sai kuma dokoki, waɗanda suka fi goron yawa. Ba ya sayar wa mutumin da ke gatsa goro bai ɓara ba. Ba ya yarda ka taɓa da hannun da ka riƙe sigari. In ka ce a rage maka, sai ya rufe faifai ya tambaye ka lafiyar iyali, wato an gama ciniki ke nan. Kuma a rana sai ya faɗa sau goma, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, cewa hannunsa bai taɓa sayar da mugun goro ba. Tun muna yi masa dariya har muka gane ba wasa yake ba.

Abin da ya gamsar da ni shi ne ranar da wani saje ya tsaya da jif ya ce a ba shi goro ashirin. Sodangi ya buɗe huhun da aka kawo masa da safe, ya tarar sankara ta shiga, wato ƙwarin nan da ke cin goro ta ciki. Ya mayar ya rufe, ya ce yau babu. Saje yana ganin goro da idonsa, ya ɗauka ɓoye kaya ake yi don a tsawwala farashi, abin da soja suka tsana a lokacin. Ya sa shi tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa famfo ya dawo, rawani na warwarewa a baya. Sodangi ya yi tsallensa ya gama, ya zauna yana haki, ya sake cewa yau babu. Saje ya rasa yadda zai yi da shi, ya ja motarsa. Bayan kwana biyu ya dawo ya zama mai saye na kullum.

Babban abokin gabar Sodangi kuwa wani irin goro ne da ake kira hannun ruwa. Goron kirki in ka ɓara shi gida biyu yake rabuwa. Shi hannun ruwa sai ya rabu uku ko huɗu ko biyar, ga yauƙi a baki kamar an jiƙa kuɓewa. Masu ɗaurin kaya a Kurmi sukan cusa 'yan kaɗan a tsakiyar huhu don cika lissafi, Sodangi kuma yana gane su tun daga layukan jikinsu. Bai yarda ma a kira shi goro ba. Da ya gan shi sai ya yi tsaki ya wurga ta baya, bayansa kuwa katangar makaranta ce, bayan katanga rufin sito. Hedimastanmu, Malam Ƙasimu, ya yi magana sau biyu a kan ƙarar. Duk sau biyun Sodangi ya aika masa da goro fari ƙal guda uku a ganye, magana ta mutu.

Shekarun nan kuɗin mai sun shigo gari, kowa ya rikice. Malamai muka sayi babur da rediyo mai kaset, masu gyaran keke suka zama 'yan kwangila, wanda bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba yana gina ajujuwa. Atika matar Sodangi ta dame shi ya je ya nemi ko kwangilar kawo alli ce. Ya ce mata shi suna yake ginawa. Ta ce to ya yi sauri ya rufa masa kwano, damina ta kusa. Haka suke, kullum da rana in ta kawo masa fura sai sun yi wannan faɗan, ya sha furarsa, ta ɗauki goro ɗaya ba tare da ta tambaya ba ta tafi.

A shekarar da aka yi babban bikin al'adu a Legas, zazzaɓin abin ya kama har makarantu. Takarda ta zo daga ofis cewa kowace firamare ta ware rana ɗaya ta nuna al'adar wata ƙabila wadda ba tata ba, don yara su san ƙasarsu ɗaya ce. Aka jefa ƙuri'a, Malam Ƙasimu ya sa hannu ya zaro mana Ibo. Da ya dawo bai ko tara malamai ba, ya kira ni ofis ya ce aikin nawa ne, tunda ni Kirista ne su ma Kiristoci ne, ai dai mun san juna.

Ni mutumin Zuru ne. A lokacin ban taɓa wuce Kontagora ba. Cocin da nake zuwa da Hausa ake wa'azi, su kuma nasu daban yake can wani gefen gari. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, amma ina neman ƙarin girma a shekarar, sai na ji bakina ya ce ba matsala. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Na yi abin da zan iya. Na samo wata tsohuwar kalanda mai hoton wasu dattawa da jajayen huluna da zane ɗaure a ƙugu, na kafa ta a allo ta zama littafinmu. Muka aro jar dara wajen ashirin a unguwa. Matata Tabita ta yanka tsofaffin zannuwanta. Rawa kuwa, tunda hoto ba ya motsi, sai na koya wa yara ta garinmu ta Zuru, na dai ce su ƙara sauri su riƙa girgiza kafaɗa. Malam Ƙasimu ya leƙo ya gani ya ce wallahi kamar a Inugu, shi ma bai taɓa zuwa ba.

Babban baƙon da muka gayyata wani dattijon Ibo ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ana ce masa Baba Udensi. Ya zo Sakkwato tun yana saurayi, ya tafi gida lokacin da ƙasa ta rikice, ya dawo bayan yaƙi. An ce da mutum bakwai ya tafi, da uku ya dawo, kuma ban taɓa jin ya ɗauko zancen ba. Sakkwatancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Hedimasta ya hana in nuna masa shirinmu, wai so yake a ba shi mamaki. Abu ɗaya kawai na tambaye shi, ko akwai abin da ba a fara taro sai da shi. Ya ce goro. A kawo goro a faranti, a nuna wa jama'a, shi zai yi addu'a ya fasa, sannan komai ya biyo baya.

Da na kawo wannan labari ofishin malamai sai da muka yi tafi. Goro dai, a Sakkwato, ga Sodangi a bakin ƙofa. A duk shirin nan shi ne abu ɗaya da muka tabbata ba za mu ji kunya a kansa ba.

Sodangi ya saurare ni da kyau, ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba. Sharaɗinsa ɗaya, a faɗi sunansa a lasifika lokacin da za a fito da farantin, a ce goron daga hannun Sodangi na Wamakko ya fito. Malam Ƙasimu ya yarda. Daga ranar Sodangi ya daina barci da rana. Ya zagaya kasuwa ya gayyaci 'yan goro kaf, musamman wani Mode, wanda suka shekara ashirin suna gaisawa da fara'a kowa na cewa kayan ɗan uwansa na jaki ne. Ya sayo sabon huhu na daushe, tsohon goro da ya kwana biyu ya yi daɗi, ya yi kwana uku yana zaɓe. A safiyar bikin kaɗai, ina ɗaura wa yara zane, na ƙirga ƙwal tara a kan rufin sito.

Bikin ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun ƙarfe goma rana ta buɗe, aka kafa rumfa aka jera kujeru. Ga wani manjo da matarsa, ga jami'in ilimi, ga iyaye, ga 'yan goro sun yi layi a gaba da Mode a tsakiyarsu. Can baya kuma wasu Ibo kamar su goma sha biyu, makanikai da ma'aikatan jinya, sun zo su ga abin da za a yi da sunansu. Ni ina tsaye gefe da singileti da jar dara da zanen Tabita, wanda tun safe yake neman rabuwa da ni.

Malam Ƙasimu ya hura lasifika, ya faɗi sunan Sodangi na Wamakko har sau uku, ya ƙara masa da kirarin da ba a yi alkawarinsa ba. Aka fito da farantin. Gaskiya ban taɓa ganin goro irin wannan ba, manya farare guda bakwai, an wanke su suna sheƙi. Har Mode sai da ya sunkuyar da kai. Sodangi yana tsaye gindin rumfa cikin sabuwar riga, ya kumbura kamar zai tashi sama.

Baba Udensi ya miƙe ya karɓi farantin. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya duba duka bakwai ɗin. Sannan ya matso kusa da hedimasta ya yi magana ƙasa-ƙasa, don shi mutum ne mai kunya. Sai dai Malam Ƙasimu ya riga ya kai masa makirufo bakinsa don addu'a, saboda haka har masu tallar gyaɗa a waje sun ji.

"Malam, goron ga bebe na. Ba a addu'a da shi."

Mode ne ya fara dariya, irin wadda ake toshe baki amma kafaɗu su tona asiri. Sodangi ya tako gaban rumfa a hankali, ya cire takalmi kamar zai shiga gaban alƙali.

"Baba, daushe na hwa. Kwana ukku ina zaɓe nai. Mi as same shi?"

"Babu abin da as same shi," in ji Baba Udensi. "Ga ci, ban taɓa ganin kama tai ba. Amma wurinmu goro mai ɓari biyu ba shi magana, ba shi kai saƙo. Sai wanda ka rabuwa gida ukku ko huɗu."

Na ga lokacin da maganar ta isa cikin kan Sodangi. Da ya so, da ya yi shiru abinsa, a ce ba a samu ba, laifi ya koma kaina ni da ban yi tambaya ba. Amma yara ɗari uku da ke zaune a ƙasa sun shekara suna jin yana zagin goro mai rabuwa huɗu, kuma ba wanda ya ce musu komai, sai kawai suka juya gaba ɗaya suka kalli rufin sito. Manjo ma ya juya ya kalla, bai san abin da yake kallo ba.

Kowa a wurin da ya san Sodangi ya san abin da ke gabansa. An riga an kira sunansa a kan farantin. In hannun ruwa ya hau wannan faranti, to da sunansa zai hau, a gaban Mode da duk kasuwa, kuma shekara talatin na tsallen kwaɗo da faɗa da Atika sun tafi a banza. Ya tsaya yana kallon ƙasa, gumi na bin rawaninsa.

Baba Udensi ne ya nemi ya raba gardama. Ya ture makirufo gefe, ya ce a bar shi kawai, a ci gaba da biki, ba komai. Ya ce shi ya saba, tun da ya dawo shekara shida ke nan bai fasa goro a gaban taro ba, sai dai ɗan busasshen da wani kan riƙo masa daga gida. Ya faɗe shi ne da murmushi, don kada mu ji nauyi. Ya ajiye farantin a kan tebur, ya fara laluben kujerarsa ta baya zai zauna. Ina kusa, na ga Sodangi yana kallonsa.

"Malam Istihwanus," in ji Sodangi, bai ko dube ni ba. "Hau bisa sito."

Makarantar ba ta da tsani. Muka ɗora benci a kan tebur, muka ɗora kujera a kan benci. Malam Ƙasimu, don kada baƙi su zauna shiru, ya ba da umarni a fara rawa, duk da an ce ba a fara komai kafin goro. Haka yara ashirin da jajayen huluna suka shiga fili suna rawar Zuru da sauri, ni kuma malaminsu ina hawa rufi da zanen matata. Kwanon ya ɗauki zafin da za a iya toya ƙwai a kansa, ga ni ba takalmi. Sai na tarar ni ma rawar nake yi a sama, har wasu iyaye suka ɗauka cikin shirin ne suka yi mini tafi.

Abin da na gani a rufin nan ba zan manta ba. Hannun ruwa na shekara da shekaru, sun bushe sun yi baƙi, sun cika kwarin kwano kamar tsakuwa. Na safiyar ranar sun gangara can ƙarshe wajen indararo, inda reshen dogon yaro ya yi musu inuwa. Na rarrafa na ɗauko ɗaya na jefa ƙasa, ina cewa shi ke nan. Sodangi ya cafe, ya duba, ya shinshina, ya yar. Ya ce rana ta taɓa shi. Na jefo na biyu, ya ce ya ƙuje. Na uku ya ce ƙarami ne. Na leƙo na ce masa don Allah ai duk mugaye ne a wurinsa, ya ɗauki ɗaya in sauko, tafin ƙafata na ƙonewa. Ya ce in za a ba baƙo mugun abu, to a ba shi wanda ya fi kyau a cikin mugaye. A ƙasa yara sun gama rawa sun sake farawa karo na uku, hulunan dara sai faɗuwa suke.

Na shida ne ya karɓa. Ja ne, madaidaici, da layuka huɗu a jikinsa. Ni kuwa wajen saukowa ƙusa ta kama zanen Tabita ta riƙe, na iso ƙasa da gajeren wando a gaban matar manjo, zane na can sama yana kaɗawa. Ba wanda ya kula da ni sosai, don idon kowa na kan Sodangi. Ya je bokitinsa ya wanke goron nan sau uku, ya goge shi da gefen sabuwar rigarsa, ya kwashe fararen nan bakwai ya zuba a aljihu, ya ɗora ja ɗin shi kaɗai a tsakiyar faranti. Malam Ƙasimu, don ya rufa masa asiri, ya miƙa hannu zai karɓa a kai ba tare da sanarwa ba. Sodangi ya janye farantin.

"Hwaɗi sunana. Ni nik kawo shi."

Aka faɗa. Wannan karon Mode bai toshe baki ba, kuma sauran 'yan goro suka taya shi.

Baba Udensi ya karɓi farantin da hannu biyu. Ya ɗaga goron ya nuna wa rumfa, ya nuna wa yara, ya juya ya nuna wa mutanensa da ke baya. Ya ce a yi masa haƙuri, wannan addu'a ba a yin ta da wani harshe sai nasu. Ya fara. Ban ji kalma ɗaya ba, amma duk inda ya tsaya sai mutanen nan goma sha biyu su amsa da murya ɗaya, kuma ban san lokacin da suka taso daga baya suka zo suka tsaya kewaye da shi ba. Addu'ar ta yi tsawo. A wani wuri ya kira sunaye, na ƙirga huɗu, sannan ya ci gaba. Dariyar 'yan goro ta mutu da kanta. Ni da nake tsaye da gajeren wando na ji kunya ta rufe ni, ba ta wandon ba, ta kalandar nan da rawar Zuru, kuma na ji tausayin tsohon har hawaye suka zo mini.

Ya sa babban yatsa ya fasa. Goron ya rabu gida huɗu a tafin hannunsa, mutanensa suka yi sowa. Ya bayyana mana cewa huɗu shi ne mafi alheri, don ranakun kasuwarsu huɗu ne, alamar zaman lafiya ke nan. Ya ɗauki ɓari ɗaya ya ci. Ya miƙa wa manjo ɗaya. Ya ba mutanensa ɗaya su gutsura. Sannan ya ɗauki na ƙarshe ya miƙa wa Sodangi, ya ce a al'adarsu wanda ya kawo goro ba ya tsayawa kallo.

Sodangi ya dubi ɓarin nan, ya dubi Mode, ya dubi sama ko wani taimako zai zo. Ya yi bisimilla ya jefa a baki. Filin nan kaf aka zuba wa muƙamuƙinsa ido. Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, wuyansa ya miƙe, ya tauna dai, ya haɗiye da ƙyar. Manjo, wanda ya cinye nasa bai ji komai ba, ya tambaye shi yaya ya ji.

"Ranka shi daɗe, mugu na."

Baba Udensi ne ya fi kowa dariya. Ya riƙe kafaɗar Sodangi yana yi har yana share ido, ban san ko na dariyar ne ko na addu'ar ba. Bayan nan mutanensa suka karɓi ganga daga hannun yara suka nuna mana yadda ake rawar da gaske, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta tambaye ni cikin ladabi daga wane gari na samo tawa.

Abin da Sodangi ya ji tsoro ya faru. Kafin la'asar Mode ya kai labari kowane lungu na kasuwa, aka laƙa masa suna Sodangi Hannun Ruwa, sunan kuma ya bi shi har tsufa. Yara na kiransa da shi, direbobi na kiransa da shi, har Atika in sun yi faɗa. Ya yi mako guda ba ya ɗaga kai. Na san ya ji ciwo, don ya daina faɗin maganar nan tasa ta sau goma a rana.

Abin da ya canja a makaranta shi ne rufin sito ya yi shiru. Da farko har darasi ya riƙa yi mini wani iri. Daga baya na lura da wata 'yar ƙwarya da ya ajiye ƙarƙashin faifai, rufe da ɗanyen ganye, yana yayyafa mata ruwa kamar sauran kaya. Kowace Asabar Baba Udensi yakan rufe shago da wuri ya zo a kan kekensa, su zauna gindin dogon yaro suna gardama a kan wane ne goro wane ne ba goro ba, in zai tafi Sodangi ya juye masa abin da ke cikin ƙwaryar. Sau ɗaya tsohon ya sa hannu a aljihu, Sodangi ya ɓata rai ya ce shi ba ya sayar da mugun goro, bai taɓa ba, ba kuma zai fara ba. Daga ranar maganarsa ta dawo bakinsa, har ya ƙara mata yawa.

Ni an yi mini canji zuwa Yawuri, ba tare da ƙarin girman ba. Sai bayan shekara tara wani aiki ya kawo ni Sakkwato, na biya ta tsohuwar makarantata. Dogon yaro na nan, faifai na nan, Sodangi ya ƙara ƙanƙancewa cikin rawaninsa. Haƙoran sun zube, sai da magogi yake cin goro, wato ɗan gwangwanin nan mai huji da tsofaffi ke goga goro a kai ya zama gari. Muka gaisa, ya tambayi Tabita da zanenta. Na tambayi Baba Udensi. Ya ce ya rasu bara, 'ya'yansa sun ɗauke shi sun kai gida.

Muna cikin hira ya sa hannu ƙarƙashin faifai ya jawo 'yar ƙwaryar nan, ya ɗauko ɗaya ya fasa. Ya rabu huɗu. Ya ɗauki ɓari ya fara gogawa a magogi, ya tara garin a tafin hannu, ya watsa a baki, fuskarsa ta yamutse kamar ranar farko. Na ce masa ashe dai ya saba da shi.

"Har gobe mugu na," in ji shi. Ya karkaɗe hannu, ya mayar da ganye ya rufe sauran. "To wa za ni ba? Kuma ba ni iya jehwa shi bisa kwano."